Kada Ka Jira Sai Ciki Ya Kumbura

Ɗana, idan an taɓa auna jininka aka ce kana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, zauna mu yi magana, domin wannan ciwon yana iya haifar da sankarar hanta. Sankarar hanta tana da magani iri-iri, amma girman ƙarin da sauran ƙarfin hantar su suke zaɓar wanda za a yi maka, komai kuɗinka.

In ƙarin ƙarami ne kuma hanta ba ta lalace ba, likitan tiyata yakan yanke ɓangaren da ya kamu, domin Allah Ya yi hanta da baiwar sake tofowa. Wanda bai wuce santimita 3 ba ma, ba lallai a tsaga ciki ba: allura ake sokawa har cikinsa a ƙone shi da zafi. Sai dashe, inda ɗan'uwa yake ba da yankin tasa hantar, irin wanda ake zuwa Indiya ko Masar a yi. Shi ma da sharaɗi. Ƙa'idar da likitocin Milan ta Italiya suka fitar a 1996 ita ce ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da babu wanda ya haura 3, kuma bai shiga jijiyar jini ba. A waɗannan hanyoyin ukun, yanka da ƙonawa da dashe, ake sa ran warkewa.

In an wuce nan, sai jan lokaci. Akan zura siririn bututu a jijiyar da take ciyar da ƙarin, a zuba magani a toshe ta. Akwai ƙwayar sorafenib tun 2007, da haɗin atezolizumab da bevacizumab da ake sawa ta ƙarin ruwa tun 2020. Suna ƙara watanni, suna da tsada ƙwarai, ba sa tumɓuke cutar.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɓata lokacin da ake iya yanka. Cutar ba ta ciwo da fari. Ranar da ido ya yi ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe da sassaƙe; ciki ya tara ruwa, a ce sammu ne. Hantar da take fama da kanta ita ce kuma za ta tace duk abin da aka ɗura maka. Kafin a isa asibitin koyarwa, sau da yawa ƙarin ya riga ya bazu.

Saboda haka duk wata 6 ka je a yi maka hoton ciki da gwajin jinin da ake kira AFP, ko da kana jin kanka garau. In likita ya ɗora ka kan tenofovir, kada ka daina da kanka. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ka zubar. Gubarta da ƙwayar B in sun haɗu, haɗarin ninkuwa yake yi. Ka kai iyalinka a auna su. Jariri kuwa a yi masa rigakafin cikin awa 24 da haihuwa, kada a ce sai bayan suna.

In kuma an riga an makara da wani naka, akwai sauran abin yi. Ana zuƙe ruwan cikin ya sami numfashi, ana ba shi mofin ya yi barci. Kafin ku sayar da gona don fita waje, ka dubi likita ka tambaye shi: wannan maganin na warkarwa ne ko na sauƙaƙawa?