Kaso Ko Magani?

Ya mai karatu, ga tambaya gare ka. Idan jandarmomi suka kama ɗanka a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi da ƙwayar tramol goma cikin aljihu, me kake so alƙali ya yi da shi? To, in ɗan maƙwabcinka ne fa? Amsarka ɗaya ce, ko ta sāke?

Tramol maganin ciwo ne. Likita yakan ba da shi da awo, miligiram 50 ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 200 ko 225. Yawancinsa daga Indiya yake fitowa, ya sauka a Kwatano ko Lome ko Legas, ya hauro arewa. Samari suna sha domin su yi ƙwadago ko kabu-kabu ba gajiya. Kafin a jima jiki ya saba. Ran da yaro bai sha ba, sai zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wani in ya sha da yawa, sai ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

Ka ga mutum biyu ke nan. Akwai mai shigo da kwali-kwali, yana arziki da ran 'ya'yan mutane. Hukunci mai tsanani ya dace da shi. Akwai kuma wanda ya zama bawan ƙwaya. Shi ma ya yi laifi, amma marar lafiya ne.

Me kaso zai yi masa? Damina ta wuce, gonar ubansa ba mai noma. Ya zauna da ɓarayi, ya koyi abin da bai sani ba. Ya fito, ba mai ba shi aiki, ba mai ba shi 'yarsa. Sai ya koma wurin masu sayarwa, gama su kaɗai ke marabtarsa.

Akwai wata hanya. A 2001 ƙasar Fotugal ta daina ɗaure wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba. Akan kai shi gaban wani kwamiti, a nuna masa hanyar magani. Dillalai kuwa ana ɗaure su har yanzu. Nijar ma, bayan dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, ta yi doka a 2017 wadda ta ba alƙali dama ya sa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon kaso.

Watakila za ka ce, "In ba a ɗaure su ba, tsoro zai fita." Gaskiya ne, jinƙai ba sakaci ba ne. Sai yaro ya amsa laifinsa, ya je asibiti, ya yi aiki, a sa masa ido. Amma horo daban, ramuwa daban. Horo yana neman mutum ya dawo. Ka tuna da misalin da Yesu ya bayar na ɗan da ya lalatar da gādonsa: uban bai ce ɗan ya yi daidai ba, amma ya karɓe shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Alƙali ba zai bi yaro har gida ba. Wannan aikinmu ne. Akwai wani a ƙauyenku da ya fito daga kaso? Ka je ka gaishe shi a makon nan. Ka kira shi gayya. Ka ci tuwo tare da shi.