Sunan Ciwo Ba Sunan Mutum Ba Ne

Akwai mutane da yawa waɗanda suka tsira daga yaƙi, ko hari, ko hatsari, jikinsu ya warke sarai, amma abin bai rabu da su ba. Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa. In ƙofa ta bugu da ƙarfi sai gabansu ya faɗi, gumi ya keto musu. Su kan guji hanyar da abin ya auku. To, ga tambaya: daidai ne a sa wa wannan wahala suna? Sunan ya na taimakon mai-ita, ko kuwa wani sabon kaya ne aka ɗora masa?

Bari mu duba abin da rashin suna ya jawo. Cikin Yaƙin Duniya na Fari sojojin Ingila da dama suka kama makyarkyata, waɗansu bakinsu ya rufe, ba kuwa rauni a jikinsu. A shekara ta 1915 wani likita, Charles Myers, ya rubuta labarinsu da wani suna mai-nufin firgitar harsashin igwa. Amma manyan soja da yawa suka ce ragwanci ne kawai. Aka harbe soja 306 bisa laifin gudu, ko tsoro, ko ƙin bin umurni, cikinsu kuwa har da masu-wannan ciwo. Sai a 2006 gwamnatin Ingila ta yafe musu, bayan shekara wajen 90. Ashe inda ba a san ciwo ba, laifi a kan kira shi.

Sunan da likitoci su ke aiki da shi yau, ba su kaɗai suka samo shi ba. A ƙarshen 1970 waɗansu sojojin Amurka da suka komo daga yaƙin Biyetnam suka fara taruwa a birnin New York, kowa ya na faɗin abin da ya gani da abin da ya ke mafarki. Suka gayyaci likitocin hankali, kamar su Robert Lifton, su zauna tare da su, ba bisa kansu ba. Faɗi-tashinsu ya taimaka har ƙungiyar likitocin hankali ta Amurka ta shigar da ciwon cikin littafinta a 1980, da haruffan nan PTSD, watau damuwar da ke biyo bayan babbar firgita. Lura da yadda abin ya jeru: zaman tare ya riga suna.

Suna ya na da amfani ƙwarai. Ya kan sanar da mutum ba hauka ya yi ba, ba kuwa rashin bangaskiya ba ne. Ya kan buɗe masa ƙofar asibiti, gama ciwon ya na da magani.

Amma Hausawa sun ce suna linzami ne. In an daina kiran mutum manomi, ko malami, ko uban 'ya'ya, aka koma kiransa "mai-taɓin nan", an ja shi ke nan zuwa inda ba ya so. A kan hana shi aure, a kan ƙi jin shawararsa. Shi kansa ya kan gaskata cewa ya ƙare. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da tausayi.

Nan ne 'yan'uwa masu-irin wannan tabo su ke da aikin da likita ba ya iya yi. A wurinsu ba sai ka kawo shaida kafin a yarda da kai ba. Wanda aka taimaka jiya, yau shi ke riƙe hannun wani, ta haka darajarsa ta kan komo. Sai dai su kiyaye abu uku: kada a tilasta wa kowa magana, kada asiri ya fita waje, kada kuma a auna wahalar wani da ta wani. In wani ya fara zancen kashe kansa, a kai shi wurin likita nan da nan.

Ya mai-karatu, in akwai irin wannan mutum kusa da kai, tuna da abokan Ayuba. Kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi sun fi dukan jawabansu. Ka bar wa likita sunan ciwo. Kai kuwa ka kira ɗan'uwanka da sunan da aka raɗa masa.