Abin Lura: Hasumiyar Pisa da Gyaran da Ake Yi Daga Ƙasa

Duk wanda ya je birnin Pisa na ƙasar Italiya zai ga masu yawon buɗe ido sun yi cincirindo a filin babban cocin garin, kowa ya miƙa hannu ana ɗaukarsa hoto kamar shi ne ya tokare hasumiyar nan da ta karkace. Da yawa ba sa ma tuna cewa hasumiyar ƙararrawar cocin ce, kuma a ƙolinta akwai ƙararrawa bakwai. Wanda ya shiga ciki ya kama hawan matattakalarta kusan 300 shi ke jin karkatar a jikinsa, domin bango kan jawo shi wani gefe, can gaba ya sake shi ya jefa shi ɗaya gefen. Duwatsun marmarar ma sun lotsa saboda sawun mutane.

An aza harsashinta a shekarar 1173. Matsalar tana nan tun ranar farko: gini mai tsawon kusan mita 56 aka ɗora a kan harsashin da zurfinsa bai wuce mita uku ba, a ƙasa mai laka da yashi. Ana kaiwa hawa na uku sai ɓangare ɗaya ya fara nutsewa. Yaƙe-yaƙe suka tsayar da aikin kusan shekara ɗari, kuma wannan jinkirin ya zama alheri, don ƙasar ta samu lokaci ta daddale. Da an ci gaba da lodin duwatsu a lokacin, da tuni ta kife.

Da aka koma aiki a 1272, magina sun ga karkatar da idonsu, amma ba su taɓa harsashin ba. Sai suka riƙa ƙara tsawon duwatsun ɓangaren da ya nutse, don saman ya yi kamar ya miƙe. Shi ya sa har yau jikin hasumiyar yake a ɗan tanƙware. An kammala ɗakin ƙararrawa a 1372, ita kuwa ta ci gaba da sunkuyawa. Na baya ma sun gwada nasu. A 1838 an haƙe kewayen gindinta, ruwa ya kwararo, abin ya ƙaru. A 1934 an ɗura siminti cikin harsashin, nan ma ba a ga daɗi ba.

Bayan wata tsohuwar hasumiya ta rushe a garin Pavia a 1989 ta kashe mutum huɗu, hukuma ta rufe ta Pisa a 1990, lokacin karkatarta zuwa kudu ta kai digiri biyar da rabi. Injiniyoyi, cikinsu har da John Burland na Ingila, suka fara danne ɓangaren arewa da ɗaruruwan tan na dalma. Daga nan suka zo ga ainihin maganin: suka riƙa zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren arewa, don shi ma ya sauka ya jawo ginin baya. Aiki ne da ba mai ganinsa daga waje. Hasumiyar ta dawo da sama da santimita 40, aka sake buɗe ta a Disambar 2001.

Wannan tarihi ya dame ni ne saboda halin magina na 1272 shi ne halinmu a wurare da yawa. Yaro ya kasa karatu tun daga aji ɗaya, maimakon a zauna a koya masa haruffa, sai a nemo masa sakamakon jarrabawa mai kyau. Aure ya yi tsami saboda rashin gaskiya, sai a sayo sabbin kaya a yi shiru. Ɗan kasuwa jarinsa ya karye, sai ya ci bashi ya ƙawata shago. Kowannensu ya san inda ɓarakar take, yana dai gudun wahalar tono ta, domin gyaran tushe ba ya jawo yabo kuma yana cin lokaci. To amma sannu ba ta hana zuwa, kuma duk abin da aka ɗora a kan karkataccen tushe nauyi yake ƙara masa.

Mai karatu, idan ka ga wani al'amari naka ya fara karkata, dakatar da ƙarin gini tukuna. Sauka ka duba gindin, ka gyara shi komai daɗewar da zai ɗauka, sannan ka ɗora.