In Gashi Ya Ba da Shaida, Wa Za a Kama?

A ƙasarmu in saniya ta faɗa gonar wake, ba a kai saniyar gaban mai gari. Mai ita ake nema, shi ke biyan ɓarna. Kowa a Dungu ya san haka, kuma ban taɓa jin wanda ya yi gardama a kai ba. To, dabbar dawa fa, wadda ba ta da mai ita? In ta ci abin mutane, wa za a kama? Wannan tambayar nake so mu tattauna, kuma zan kafa hujjata da gashi.

Gashi yana tsirowa ne daga abin da jiki ya ci. Masara, gero, dawa da rake suna barin wata alama ta sinadarin kabon da ta bambanta da ta ganyen itatuwa da 'ya'yansu, nama kuma yana barin tasa alamar ta sinadarin naitirojin. Saboda haka in masani ya samu 'yan silin gashin dabba, zai iya gane irin cimarta ba tare da ya taɓa ganinta tana ci ba.

A gandun dajin Yosemite na jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wata ƙatuwar dabba da ake kira beyar, wadda ba mu da irinta a nan. Ta yi ƙaurin suna wajen fasa motocin baƙi da kwashe musu guzuri. Wani masani, Jack Hopkins, da abokan aikinsa suka auna gashin masu rai, suka haɗa da gashi da ƙashin waɗanda ke ajiye a gidajen tarihi tun 1915, suka fitar da sakamako a 2014. Tsakanin 1975 da 1985, kusan kashi 35 cikin 100 na cimar dabbobin da suka saba da mutane abincin mutane ne. Tsakanin 2001 da 2007 ya sauko zuwa wajen kashi 13. Me ya canja? Daga 1999 hukumar gandun ta matsa wa baƙi lamba su riƙa kulle abinci a akwatunan ƙarfe, aka gyara wuraren zuba shara. Kuma ita wannan hukumar, shekaru da dama a baya, da hannunta take ciyar da dabbobin don baƙi su sha kallo. Halin dabbar yana nan yadda Allah ya yi shi. Mutane ne suka gyara nasu.

Mu dawo kusa da gida, ga kura. A kewayen garin Makele na Habasha, Gidey Yirga da abokansa sun tattara kashin kuraye suna duba gashin da ke ciki, don gashin abin da ta haɗiye ba ya narkewa. A 2012 suka bayyana cewa lokacin azumin Kiristocin Otodoks na kwana 55, da mahauta ke ajiye wuƙa kuma ragowar nama ke ɓacewa daga juji, gashin jaki a kashin kura yana ninkawa. Wato mutane ne ke azumi, jakuna ke biya. Kura dai ba ta san an shiga azumi ba. Ta zo inda aka saba mata, ta tarar babu, sai ta juya ga abin da ke ɗaure a turke.

Ga inda na tsaya. Gashi shaida ne mai gaskiya, amma abin da aka ci kaɗai yake faɗa, ba ya faɗin yadda aka yi abincin ya zo bakin mai ci. Wanda ya tsaya a rabin farko zai ce an kama ɓarawo, a kawo bindiga. Wanda ya bi sawu har ƙarshe zai iske sawun ya dawo ƙofar gidansa. Hausawa sun riga mu da suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa dabba ba ta cikin waɗanda shari'a ta hau kansu. Inda babu zaɓi babu laifi, sai dai ɓarna. Nauyin kuwa yana kan mai hankalin da ya iya hangen abin da zai biyo baya.

Na san abin da wani zai ce: kai ɗalibi, magana ce kawai a bakinka, mai jakin fa? Gaskiyarsa. Talakan da kura ta cinye wa jaki ya rasa abin ɗaukar ruwa da kai kaya kasuwa, kuma ba shi ya tsara jujin gari ba. Haka manomin yankin Kure, kusa da Yamai, inda raƙuman dawa suka tashi daga kimanin 50 a 1996 zuwa fiye da 600. Duniya na murna, shi kuwa wakensa suke ci. In aka ce masa ya yi haƙuri kawai, an zalunce shi. Ban hana mutum kare kansa da dukiyarsa ba in hatsari ya zo. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda ke cin moriyar tsarin, ko hukuma ce ko masu zuwa kallo ko mu da ke alfahari da dabbobin ƙasarmu, shi ya kamata ya ɗauki matsayin mai saniya, ya biya ɓarnar, ya kuma toshe hanyar da ta kawo ta.

Mu a nan ƙasar Matameye gonaki sun cika ko'ina, sai gawon da manoma suka raya a cikinsu. Kowace gonar da aka faɗaɗa cikin burtali, kowane mushen da aka yar a bayan gari, muna shirya wa wata dabba cimarta ta gobe ne. Ranar da aka tsinci gashinta aka auna, aikin hannunmu za a karanta a ciki. Kafin mu tambayi me dabbar ta ci, mu fara tambayar wa ya ajiye mata.