Sauri da Jinkiri a Ƙofar Ɗakin Fiɗa

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, su ne kuma suka ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. To, wanne za a bi ran da ran mutum ya rataya tsakanin maganganun nan biyu?

A ɗauki misalin yaro, an kawo shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato daga wani ƙauye wajen Gwadabawa. Zazzaɓin taifot ya yi mako biyu yana cinsa, har ya huda ƙaramin hanji, ƙazanta ta malale a ciki, dafinta ya bi jini, watau abin da likitoci ke kira sefsis. Ciki ya kumbura ya yi tauri, fitsari ya ɗauke. Babu makawa sai an buɗe, an ɗinke hudar, an wanke. Amma likita bai ɗauki wuƙa nan take ba. Ya sa ƙarin ruwa, ya yi allurar kashe ƙwayoyin cuta, ya tsaya yana duban ko fitsari zai dawo. Uban yaro kuwa gani yake an yi banza da ɗansa.

Likita yana da hujja. Maganin barci yakan ƙara kassara jini a jijiya, jikin da ya bushe kuwa ba shi da abin jurewa, sai zuciya ta tsaya tun ba a kai ga hanjin ba. Uban ma yana da tasa, gama ruwa ba ya toshe huda. Saboda haka ƙa'idar manyan likitocin duniya ta 2016 a kan wannan al'amari ta ce kada a wuce sa'a 6 zuwa 12 bayan an gane cutar.

A ganina jinkirin da ya fi kisa ba wannan ba ne. Shi ne kwana ukun da aka yi a gida, ana kai da komo tsakanin kemis da jiƙe-jiƙe, ana jiran ranar kasuwa a sayar da akuya. Ban ɗora wa uban laifi ba, wanda bai taɓa rasa kuɗin mota ba shi ke saurin yin haka. Amma lalle akwai haƙƙi a kan likita ya zaunar da shi, ya gaya masa da Hausa abin da ake jira da lokacin da za a shiga. Sau da yawa rashin wannan bayani shi ke sa uba ya ƙi sa hannu a takarda, ya ce sai wansa ya iso daga Illela da safe.