Ranar Uwa a Shekarar da Aka Ɗaure Ƙafar Zumunta



Duk wanda ya shekara a Alƙahira ya san ranar 21 ga Maris. Tun farkon watan shagunan Madinatu Nasr ke fito da tukwane da farantai da barguna bakin ƙofa, su karya farashi, yara kuma su dawo daga makaranta da takardu masu zanen furanni. Wannan ita ce ranar uwa a Masar. An fara ta a 1956, bayan kiraye-kirayen 'yan jaridar nan tagwaye, Mustafa Amin da Ali Amin, masu jaridar Akhbar al-Yaum, daga nan ta bazu zuwa sauran ƙasashen Larabawa. Na daɗe ina mamakin yadda tukunya ta zama babbar kyautar ranar, wato a karrama mace da kayan wahalarta, amma wannan zancen zan dawo kansa.

Mu dai ba mu taso da ita ba. A gidan da na tashi a Kano, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ɗa kuma ba ya duban idonta ya ce yana sonta. Yakan durƙusa ya gaishe ta da safe, ya cika mata randa, in ya girma ya ɗinka mata atamfar salla. Malamai ma sun saɓa a kan ranar: Darul Ifta ta Masar tana ganin babu laifi, tunda al'ada ce da ke hidima ga abin da shari'a ta yi umarni da shi, su Shaikh Bin Baz da Shaikh Usaimin kuwa sun ɗauke ta idi ƙirƙirarre. Ba wannan saɓanin ya sa na ɗauki alƙalami ba. 'Ya'yana a nan Hayyus Sabi' aka haife su, da Larabcin Masar suke faɗa da juna, kuma su suka shigo mana da ranar cikin gida. Muka saba duk shekara mu ɗauki tabarma da kuloli mu tafi Hadiƙa Dauliyya, wajen titin Abbas al-Akkad, mu wuni a kan ciyawa.

Sai ga shekarar 2020. An rufe makarantu da jami'o'i a tsakiyar Maris, ranar 19 ga watan aka dakatar da jirage, kuma a ranar uwar kanta, Asabar 21 ga Maris, Ma'aikatar Auƙaf ta sanar da rufe masallatai. Daga nan ladani ya riƙa gama kiran salla da cewa kowa ya yi a gidansa. Ranar 25 ga wata dokar hana fitar dare ta fara aiki, daga bakwai na yamma zuwa shida na safe. A lokacin iyaye mata biyu ne a gidanmu: maiɗakina, da mahaifiyarta wadda ta zo daga Katsina ganin likitan ido, tana kuma fama da ciwon suga, rufe filin jirgi ya rutsa da ita. Yara sun shafe mako suna tara kuɗin tararsu don su fita da kakarsu, wadda ba ta taɓa ganin lambun ba. Ni na ce ba za a je ba, ni kuma na sha kukan.

Tambayar da ta tsaya mini a wuya tun daga ranar ita ce: me ya rage na biyayyar iyaye idan aka cire kusanci? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma duk tarbiyyarmu a kan haka aka gina ta. Ɗan kirki shi ne mai zuwa, mai zama kusa, mai kama hannu. Ga shi an wayi gari hannun jikan da ke son rungumar kakarsa shi ne abin tsoro, ɗan da ya fita neman abinci shi ne zai iya shigo mata da ajali a rigarsa. Na kwana arba'in ina gaida surukata daga bakin ƙofa da takunkumi a fuska. Kunyar surukuta ta sauƙaƙa mini wannan, amma yaran ba su da wannan mafaka.

Abin da ya kwantar mini da hankali ban same shi a wurin likitoci kaɗai ba. Lokacin annobar Amwas, a shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya kai Sarg a hanyarsa ta zuwa Sham, ya ji labarin cutar, ya yi shawara ya juya da mutanensa. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take, sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar annoba da fita daga cikinta. A wannan birni da muke zaune ma, Ibn Hajar al-Asƙalani, wanda annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata uku, ya rubuta littafinsa Bazlul Ma'un, ya ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka taru a bayan gari don addu'a a shekara ta 833 bayan hijira, mace-macen kuma suka ƙaru bayan taron. Niyyar waɗancan bayin Allah kyakkyawa ce, kamar yadda niyyar 'ya'yana take. Sai dai kyawun niyya bai isa ya zama biyayya ba in ba a duba inda aikin zai kai uwar ba. Fitar da za mu yi, in an bi ta a hankali, rabinta don mu ce: mu ji daɗin cewa mun yi, mu ɗauki hoto mu tura gida. Amfaninta ita a wannan shekarar yana cikin zaman gida, abin da ba shi da hoto kuma ba wanda zai yaba.

Da fita ta faskara sai muka koma ga girki, a nan kuma na ga wani abin da shekaru suka ɓoye mini. Duk ranar uwa da muka taɓa yi, maiɗakina ce ke tashi tun asuba ta soya kaji, ta dafa shinkafa, ta haɗa zoɓo, ta shirya yara, mu dawo da magariba ta tsaya wanke-wanke. Wato ranar karramawarta ita ce ranar da aikinta ya fi yawa. Na ce yau ni da yara za mu shiga kicin. Ta yi dariya, ta ce: "Malam, ka rufa mana asiri, shinkafar ba ta da yawa."

Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, ba ta da na biyu wajen tuwo, kuma mulukiyyar da suke taƙama da ita lalo ce tamu ta gida. Akwai sauran daddawa da kuka da Hajiya ta zo da su a ƙullin leda. Duk da haka na sha kashi. Ban san tuƙin tuwo yana cin kafaɗa haka ba, ban san miyar kuka tana gudaji in ba a kaɗa ta da sauri ba, ban san mai girki yana ƙoshi da hayaƙi kafin abinci ya sauka ba. Shekara goma sha ɗaya ina cin wannan tuwon ina karanta babin biyayyar iyaye a littattafai, ina kawo hadisin da aka ambaci uwa sau uku kafin uba, amma muciya ce ta fassara mini shi a cikin sa'a biyu. Hajiya ta ci loma uku a ɗakinta, ta aiko ƙaramar jikarta da saƙo: a gaya wa babanku Allah ya yi albarka, gishiri dai ya yi gardama.

Zan so in tsaya a nan, da labarin ya yi daɗi. Amma akwai uwa ta uku, wadda ta haife ni, tana Kano. A ƙarshen Afrilun wannan shekarar, cikin azumi, aka shiga kwanakin da duk Bakano ba zai manta ba: dattawa suna ta rasuwa, malamai da 'yan boko da masu sarauta, kullum wayar mutum cike da ta'aziyya, gari kuma a kulle. Maƙwabciyarta da suka yi shekara talatin suna gaisawa ta katanga ta rasu. Na kira ta murya na rawa, na ce ina neman duk hanyar da zan zo. Ta ce: "Kai, zauna inda kake. Ka zo ka yi mini me, ka hana Mala'ika shigowa? Ka dai riƙa kira." Ƙanwata da ke aure a unguwar ita ta riƙa kai mata abinci, ita ta kwana da ita da zazzaɓi ya kama ta, ni kuwa na tura kuɗi.

A nan nake so mu da ke ƙetare mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hujjar da na kawo a sama, cewa nisa yana iya zama jinƙai, gaskiya ce, amma hujja ce mai daɗi ƙwarai a bakin wanda dama can yana nesa. Annoba ba ta raba ni da mahaifiyata ba; ni na taho tun kafin ta zo, ta dai ba ni uzuri mai mutunci na shekara guda. Uwaisul Ƙarani ya zauna a Yaman yana hidimar mahaifiyarsa har ya rasa ganin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kuma wannan zaman ne ya kai shi matsayin da aka umarci irin su Umar su nemi ya roƙa musu gafara. Mu kuwa mun bar namu iyayen don neman ilimin da ke koya mana darajarsu. Ban ce tahowar laifi ce ba, da izininsu da addu'arsu muka taho, da yawanmu kuma da abin da muke turawa ake cefane. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne in auna kuɗin da na tura da daren da ƙanwata ta yi a zaune, in ce sun yi daidai. Wanda ya ƙi zuwa don kada ya cutar da uwa, da wanda ya ji sauƙi a ransa don an hana zuwa, a waje kamarsu ɗaya. Na binciki zuciyata a waɗannan kwanaki, kuma ba kullum na sami na farkon a ciki ba.

Hajiya ta koma Katsina bayan an buɗe hanya, idonta ya washe, ba ta ga lambun ba. Ni ma na je Kano a shekarar da ta biyo baya. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta rame, gashin da ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon tire kamar yadda ta saba, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ta laƙaba musu. Can ta ce ta ji labari a wurin surukata wai na zama mai tuƙa tuwo. Na ce ƙwarai. Ta tura mini tiren da ƙafa, ta nuna mini inda muciya take rataye, ta ce wa ƙanwata ta zauna ta huta, amma ta ɓoye gishirin.