Kada ka yi wa mai masaukinka dariya

Ɗana, na saurari saƙonka har ƙarshe, labarin karatunka kuma ya faranta mini rai. Abu guda ne bai kwanta mini ba, wato dariyar da ka ƙyalƙyale da ita da ka zo kan 'yan siyasar Japan. Ka ce mutanen sun bi sun ɗaga hankalinsu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ka ƙara da cewa abokan karatunka sun ce siyasa ƙazanta ce, ba sa zuwa zaɓe, kai ma ka ga gaskiyarsu. Haba, ɗana. Gishirinsu kake ci, ai kamata ya yi ka fara sanin abin da ke cin ransu tukuna.

Jam'iyyar LDP ce ke riƙe da ƙasar tun 1955, sau biyu kacal mulki ya kuɓuce mata, a 1993 da 2009. A da, a cikinta akwai ɓangarori da dama, kowanne da ubangidansa. Ɓangare yakan kama zauren otal ya shirya liyafar tara kuɗi, tikiti ɗaya yen 20,000, a yanka wa kowane ɗan majalisa kason da zai sayar. Wanda ya sayar fiye da kasonsa sai a mayar masa da rarar a hannu. Doka ba ta hana liyafar ba, cewa kawai ta yi a rubuta. Su kuwa ba su rubuta a littafin ɓangare ba, ba su rubuta a na ɗan majalisa ba. A ɓangaren tsohon firaminista marigayi Shinzo Abe kaɗai, abin da aka ɓoye daga 2018 zuwa 2022 ya haura yen miliyan 600.

Kai yawan kuɗin ka duba, su kuma lokacin suka duba. A Oktoban 2023 gwamnati ta kawo sabon tsarin rasit na haraji wanda ya jibga wa ƙananan 'yan kasuwa aikin takardu. Wata biyu bayan nan asirin ya tonu sosai, ga kuma Fabrairu da Maris, watannin da mai shagon taliya yake zube rasitansa a kan tebur yana tsoron kada ɗaya ya ɓace. Ka sa kanka a matsayinsa. Tun gyaran dokar 1994 ana ba jam'iyyu tallafi daga baitulmali, yen 250 a kan kowane ɗan ƙasa, har jariri, da sharaɗin siyasa za ta tsarkaka. An yi gyaran ne bayan an kama tsohon firaminista Kakuei Tanaka a 1976 kan cin hancin Lockheed, bayan badaƙalar Recruit ta ci kujerar firaminista Noboru Takeshita a 1989, bayan an samu sandunan zinariya a wurin jigon jam'iyyar Shin Kanemaru a 1993. Mutumin nan ya biya kuɗin tsafta kusan shekara talatin, sai ya ga ba a yi sharar ba.

Duk da haka, ni a ganina ba kuɗin ne ya kashe amana ba. Amsoshin ne. Hirokazu Matsuno, kakakin gwamnati a lokacin, ya yi kwanaki yana fitowa gaban 'yan jarida yana cewa ba zai amsa ba, har Firaminista Fumio Kishida ya sauya shi tare da wasu ministoci uku a Disamban 2023. Da masu gabatar da ƙara suka gama bincike a Janairun 2024, akawun ɓangarori da 'yan majalisa uku aka tuhuma, manyan suka kaɗe rigunansu. An ji cewa Abe da kansa ya ce a daina mayar da kuɗin a Afrilun 2022, aka ci gaba bayan an harbe shi a Nara a watan Yuli. Wa ya ce a ci gaba? Jiga-jigan suka zo gaban kwamitin ɗa'a na majalisa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba shi ba ne, kowa ya ce aikin sakatarori ne. Babba da furfurarsa ya ce yaronsa ne ya sani! Daga baya jam'iyya ta hukunta mutum 39, ba ta taɓa Kishida ba, alhali an tuhumi tsohon akawun ɓangarensa.

Daga nan duk abin da suka taɓa sai ya zama laifi. Kishida ya haƙura da takarar shugabancin jam'iyya a Agustan 2024. Shigeru Ishiba, wanda aka ɗauko ya gaje shi saboda ana masa kallon mai gaskiya, ya kira zaɓe a Oktoba, ana tsakiyar kamfe aka gano an tura yen miliyan 20 ga rassan 'yan takarar da jam'iyya ta ce ta janye wa goyon baya. LDP ta zame daga kujeru 247 zuwa 191, ita da ƙawarta Komeito suka rasa rinjaye. A Maris 2025 shi Ishiban ya raba wa sabbin 'yan majalisa 15 takardun sayayya na yen 100,000 kowanne, ya ce daga aljihunsa ne. Wataƙila haka ne, amma wa ya rage da zai yarda? A Oktoban 2025 Komeito ta fice daga ƙawancen shekara 26, maganar kuɗin siyasa ta kafa hujja da ita.

Sai abokan naka. Ban ce ba su da dalilin gajiya ba, amma a zaɓen 2024 waɗanda suka fito ba su kai kashi 54 cikin 100 ba, kuma su ne suka girgiza jam'iyyar. Wanda ya zauna a ɗaki bai hukunta kowa ba. Kai da ba ka da ƙuri'a a can, me ya kai ka taya su raina tasu?

In koyi kake so ka yi, ga wanda ya cancanta. Jaridar Akahata ta jam'iyyar gurguzu ce ta fara bankaɗo zancen a Nuwamban 2022, sai wani malamin shari'a a Jami'ar Kobe Gakuin, Hiroshi Kamiwaki, mai ɗaure kai da ƙyalle, ya ɗauka. Doka a lokacin ta ce duk wanda ya sayi tikitin sama da yen 200,000 a rubuta sunansa. Ƙungiyoyin da suka saya sun rubuta a nasu rahoton, ɓangarorin da suka karɓa ba su rubuta ba. Ya ajiye takardun gefe da gefe, layi bayan layi, ya kai ƙara.

Rahotannin nan Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke fitar da su duk Nuwamba, suna nan a intanet. Tunda Japanancinka ya fara nuna, nemo na ɗan majalisar unguwar da kake zaune, ka kira ɗaya daga cikin abokan nan ku karanta tare. Inda ka kasa ganewa, shi ya fassara maka.